Kukan Yaro Jawabi Ne

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da malaman makarantar Lahadi a Jahun)

 Mun gode wa waɗanda suka bar aikin shinkafa a fadama suka taso tun daga Haɗeja da ƙauyukan bakin kogi.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Maganarmu ta yau a kan yaron da ya kai shekara biyu ko uku ne amma bakinsa bai buɗe ba, sai kuka, sai birgima, sai cizo. Sau da yawa mukan ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Wasu ma sukan ce iska ce ta taɓa shi. Alhali yaron nan roƙo yake yi, hanyar da ya sani ke nan.

A shekarar 1957 wani masanin halayyar mutane a Amurka, B. F. Skinner, ya wallafa littafi inda ya bayyana cewa magana hali ne da ake koya, kuma abin da ya biyo bayan hali shi ke ƙarfafa shi. Masu bin wannan ilimi sukan yi tambaya uku: me ya faru kafin halin? Mene ne yaron ya yi? Me ya samu bayan haka? A 1985 kuma Edward Carr da Mark Durand suka nuna cewa in an koya wa yaro hanyar roƙon abin da yake bukata, faɗa da ihu sukan ragu.

Ga misali. Uwa tana dama kunu, yaro ya gani, ya faɗi ƙasa yana ihu. Domin a huta, sai a miƙa masa kofi. Me ya koya? Ya koyi cewa ihu ne ke kawo kunu. Mu muka koya masa ba mu sani ba.

To, me za mu yi? Na fari, mu riga kukan. Da mun ga idonsa a kan kofi, mu durƙusa daidai tsayinsa, mu ce "kunu", mu dakata kaɗan. Na biyu, kome ƙanƙantar ƙoƙarinsa mu karɓa. In ya ce "nu", ko ya nuna da yatsa, mu ba shi nan take, mu yabe shi. In muka yi jinkiri, ba zai haɗa roƙon da samun ba. Na uku, mu riƙa ba shi kaɗan kaɗan domin ya sake roƙo. Na huɗu, gida ya zama baki ɗaya. In uwa ta jira kalma amma kaka ko yaya mai goyo ta bayar saboda ihu, aikin ya rushe. Mu kuma sani, a kwanakin farko kukan yakan ƙaru kafin ya sauka. Kada mu karaya.

Amma kafin kome, a duba kunne. Sanƙarau, ƙyanda da kunne mai zubar mugunya sukan rage ji. Yaron da ya cika shekara ba ya juyowa in an kira sunansa, ko ya cika biyu ba ya haɗa kalma biyu, mu kai shi asibiti. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki da masu haihuwa a babban asibitin Jahun. Jariran da suka sha wuya wajen haihuwa, mu sa ido a kan girmansu bayan an sallame su. In kuwa kurma ne, akwai maganar hannu, akwai kuma makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano.

'Yan'uwa, mu mazauna bakin ruwa ne, ba mu manta da ambaliyar 2022 ba. Yaron da bai gane "tsaya" ba, bai kuma iya cewa "taimaka" ko faɗin sunansa ba, yana cikin haɗari ranar gudun ruwa. Saboda haka kowane gida ya zaɓi kalmomi uku a makon nan ya fara da su, malaman makarantar Lahadi kuma su tambayi iyaye waɗanne ne domin a ci gaba da su a aji.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da hikima. Amin.