Jawabin kwamitin kayan gara a taron cika shekarar ƙungiya

 

An ce mu faɗi yadda muka ƙare da ƙananan kek ɗin nan na kofi da muka fara yi bana. Alkaki, nakiya da dubulan dai mun gaje su, ba wadda za ta koya mana. Amma yanzu amarya sai ta nuna miki hoto a waya: kek an jera kamar furanni a tsakiyar teburin walima, ta ce irinsa take so.

Farkon aikin da muka karɓa asara muka tafka. A watan Afrilu ne, muka yi wa kek kwalliya da kirim na bota, aka ɗora a babur zuwa Jahun. Kafin a isa kirim ya narke, ya kwarara cikin kwali. Uwar amarya ba ta yi faɗa ba, kuɗinta kawai ta karɓa, wallahi da ta yi faɗan da ya fi mana sauƙi. Masu hotunan nan suna da firji da wuta. Mu a Miga gawayi ne da tukunya, da yashi a ƙasanta.

Sai muka daina kwaikwayo. Yanzu garin sukari muke damawa da ruwan lemon tsami, mu shafa siriri. Yana bushewa, rana ba ta narkar da shi. In ana son ja, ruwan zoɓo mai kauri ya wadatar, ba sai mun aika Hadejia neman kala ba. A sama mu barbaɗa soyayyen riɗi ko gyaɗa, ko mu ɗora yankan dabino.

Jerin kuwa, nan kuɗin yake. Mukan kifa ƙaramin kwano a tsakiyar tire, mu ɗora faifai a kai. Kek a sama, dubulan ya kewaye shi, alkaki a ƙasa don shi ne mai nauyi. Tsofaffi su miƙa hannu ga alkaki, yara su rufar wa kek. A gidan biki ake jerawa, ba a ɗaukar jeri a hanya.

Saura maganar da ba ta da daɗi. Wasunmu suna lissafa fulawa, sukari da ƙwai, su manta da gawayi, takardar kofi, kuɗin babur da wunin da suka yi a tsugune. Wasu kuma su ba dangi bashi don kunya. Jarin ƙungiya ne, Hajiya, ba naki ba ne. Daga yau sai an ba da rabin kuɗi kafin a fasa ƙwai ko ɗaya.

Mai son koyon jeri ta zo ranar Asabar bayan la'asar, da tirenta da faifai.