Idan Tallafin Bincike Ya Ƙare, Wa Zai Ɗauki Nauyin?



Malamanmu, iyayenmu, shugabannin kwamitocin masallatai, da bayin Allah da suka amince wa wannan gidauniya da dukiyarsu, Allah Ya saka muku da alheri. An nemi in yi magana a kan lafiya, sai na ga ya fi amfani in tsaya a kan abu guda, wato zubar jini bayan haihuwa. Da wuya a cikinmu a sami wanda bai taɓa zuwa ta'aziyyar macen da ta rasu ta wannan hanya ba. Ana cikin barka, kafin a kai ga suna an koma zaman makoki.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin miliyan 14 ne ke fuskantar wannan matsala kowace shekara, wajen 70,000 daga cikinsu kuma suna rasuwa. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a duniya saboda ciki da haihuwa. Ajali na Allah ne, babu mai jayayya, amma Shi ne kuma Ya umarce mu da neman magani.

Abin da ya daɗe yana yaudarar ma'aikatan jinya shi ne ido. Ungozoma takan dubi zanen da ya jiƙe ta kimanta jinin da ya zuba, sau da yawa kuma kimantawar takan gaza, sai an ga mace ta fara fita hayyacinta sannan a tashi gudu. Wannan ne ya sa Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranci wani bincike mai suna E-MOTIVE, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Ɓangaren Nijeriya Jami'ar Bayero ta Kano ce ta riƙe shi, ƙarƙashin Farfesa Hadiza Galadanci, shugabar cibiyar ACEPHAP, wadda ita ma da tallafin Bankin Duniya aka kafa ta. Ba manyan asibitocin koyarwa aka zaɓa ba. Matsakaitan asibitoci ne, irin waɗanda matan talakawa ke haihuwa a cikinsu.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da aka yi wa ma'auni, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta karanta adadinsa kamar yadda ake karanta sikeli. Da zarar ya kai rabin lita, ko ya doshi hakan tare da wasu alamu, sai a haɗa magunguna a lokaci ɗaya maimakon a gwada wannan a jira sannan a gwada wancan: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira babban likita in abin ya ƙi. Da aka fitar da sakamakon a watan Mayu na 2023, bayan an bi haihuwar mata fiye da 200,000, an ga a asibitocin da ke aiki da ledar ana gano zubar jinin a kashi 93 cikin 100, a sauran kuwa kashi 51 kacal. Mummunar zubar jini, da tiyata ko mutuwa ta dalilinta, sun ragu da kashi 60 cikin 100.

To, ga inda magana ta zo kanmu. Tallafin bincike yana da wa'adi. Masu ba da shi sun biya kuɗin gano amsa, an kuma gano ta, ba su ɗauki alkawarin sayen leda ga kowace mai naƙuda har abada ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ledar sau ɗaya ake amfani da ita. Oksitosin yana lalacewa in ba a ajiye shi a firiji ba, kun kuwa san halin wutarmu da zafin watan Afrilu. Ungozomar da aka horar za a iya yi mata canjin wurin aiki, ko ta tafi ƙasar waje, a kawo wadda ba ta taɓa ganin ledar ba. Haƙƙin gwamnati ne ta cike wannan giɓi, kuma ya kamata mu ci gaba da tunatar da ita. Amma mai naƙudar daren yau ba za ta jira kasafin baɗi ba.

Musulunci ya riga ya ba mu tsarin da ba ya ƙarewa da wa'adi. Tun lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tsare gonarsa ta Khaibara ya sadaukar da amfaninta, Musulmi suka san waƙafi. A shekarar 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya jingina masa kadarorin waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da talaka kyauta, ana kuma koyar da likitanci a cikinsa. Ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki bayan mai shi ya kwanta dama. Mu kuwa a nan, in an ce waƙafi, tunanin yawancinmu ba ya wuce masallaci da rijiya da maƙabarta. Ina faɗin haka a gaban kwamitocin masallatai da girmamawa, domin akwai unguwannin da masallatai uku ke jin kiran sallar juna, alhali ɗakin haihuwar da ke kusa da su ba shi da firiji.

Dole mu bambanta aljihu biyu. Zakka tana da mutanenta guda takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma yawancin malamai ba su yarda a gina asibiti da ita ba. Amma talakan da bashin jinyar matarsa ya danne yana cikinsu, haka ma ɗiyar talaka da ta sami gurbin karatun ungozoma ta rasa kuɗin makaranta. Waƙafi shi ne mai faɗi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta shi har na ƙayyadadden lokaci, don haka mai shago ɗaya zai iya cewa hayarsa ta shekara biyar ta ɗakin haihuwa ce, bayan nan ta dawo wa iyalinsa.

Roƙona ga kowane kwamiti shi ne, kafin taronmu na baɗi, ku tura mutum biyu, ɗaya daga ciki mace, su ziyarci asibitin da matan unguwarku ke haihuwa. Su tambayi shugabar ungozomomi ko suna da ledar awon jini, ko firijinsu yana aiki da dare, da kuma wa aka horar a cikinsu. Ku rubuto wa gidauniya amsar. Da ita za mu je wa jami'a mu nemi ta horar mana da ma'aikata, mu kuma mu ɗauki kuɗin mota da kayan aiki, mu kawo muku lissafinsa a rahoto mai zuwa, in Allah Ya kai mu.