Ranar da Mai Reno Ta Ce Koma da Yaronki Gida

(Jawabin da ma'aikaciyarmu ta raya karkara ta yi a taron zumuntar mata na yankin Yawuri)

Sannunku da hanya, musamman ku da kuka ƙetaro ruwa daga gungu da tungaye, da ku na Wara da Shanga da kuka yi sammako. Na hango maza kaɗan a bayan ɗaki. Baba, kada ku fita, akwai rabonku a maganar nan.

Bari in fara da laifin kaina. Lokacin da ɗana na biyu yake wata takwas, ina barinsa a wani gidan renon yara a Yelwa in tafi aiki. Wata safiya ya tashi jikinsa da zafi, ga majina, idonsa ya yi ja. Ni kuwa ana jirana a wani ƙauye, har an riga an biya mai jirgi. Na san dokar gidan sarai, ba a karɓar yaro mai zazzaɓi. Sai na ba shi farasitamol, na jira jikin ya yi sanyi, na miƙa shi ban ce komai ba. Da azahar maganin ya sake shi, mai reno ta yi ta nemana, ina tsakiyar ruwa waya ba ta shiga. Bayan kwana uku ƙuraje suka feso masa. Ƙyanda ce. Kafin mako biyu wata jaririya da suke kwana tabarma ɗaya ita ma ta kwanta, kuma ta fi nawa shan wuya. Allah ya tashi kafaɗarta, amma har yau in na haɗu da uwarta a kasuwa nauyi nake ji.

Na san yawancinku ba gidan reno kuke kai yara ba. Wata wajen kaka take bari, wata wajen maƙwabciya, wata a ajin ƙananan yara na majami'a, domin ta samu ta je gonar albasa ko bakin banda. Ko ina ne, ranar tana zuwa da za a ce miki, "Maman wane, yau kam ki koma da shi gida." Ranki zai ɓaci, kuma da dalili. Kifin da aka kawo da asuba ba ya jiran yaro ya warke, ranar kasuwa in ta wuce ta wuce. Amma ku duba matar nan da yara takwas ko goma a gabanta, kofi ɗaya, tabarma biyu. In ta karɓi naki, me za ta gaya wa sauran iyaye?

Inda nake ganin masu reno suna kuskure shi ne haɗa kowane ciwo a kwando ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro ba ya tsallakawa daga yaro zuwa yaro ta numfashi ko cin abinci tare, sai ta bakin sauro. Kuma shi ne ya fi damunmu a nan: binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da shi, babu jihar da ta kai mu. Matsalar ita ce da ido ba ki iya rabe shi da farkon ƙyanda ko wani ciwo. Saboda haka a kai yaro asibiti a ɗiba jini a ɗan yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. In shi ne, ya sha maganinsa na kwana uku har ya ƙare. Da zarar ya kwana ya wuni babu zafi, ba tare da an danne shi da farasitamol ba, yana ci yana wasa, babu dalilin hana shi komawa cikin yara.

Ƙyanda kuwa wata aba ce daban. Yaro yana baza ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, har kwana huɗu bayan sun fito. Kun ga ke nan ranar da na miƙa nawa, a lokacin ne ya fi haɗari, alhali fatarsa sumul. Allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, don haka jariran da ba su kai ba su ne ke cikin tsaka mai wuya. Tun da muna maganar allura, a Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, farawa daga yaro ɗan wata 5. Ku tambayi ma'aikacin lafiya in kun je awo.

Gudawa ma ta zama a gida ce, har yaro ya yi kwana biyu cikinsa ya tsaya. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kada a daina ba shi nono. Amma yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ba na mai reno ba ne, ba na kaka ba ne. A nemi jirgi ko babur nan take, ko da tsakar dare ne.

To, wa zai zauna da yaron? Nan ne maganar take tsayawa kullum. Abin da na koya bayan abin da ya same ni shi ne, ba a neman mai zama da safiyar ciwo. Mun iya adashi, mun iya gayya. Mata huɗu ko biyar da ke sana'a ɗaya za su iya shiryawa tun lafiya lau: ranar da ɗan wata ya kwanta, ita ta zauna da shi, sauran su juya mata kifinta a banda ko su sayar mata da albasarta, su kawo mata kuɗinta cif. Abin da ba na so shi ne a tsare yarinya 'yar shekara tara daga makaranta a ɗora mata jinya. Ba za ta gane lokacin da ciwo ya juya ba, ga karatunta ya tafi.

Ku kuma Baba da ke baya, in kun dawo daga su da hantsi kun miƙa kifi, wunin nan naku ne. Riƙe yaro da ba shi magani a kan lokaci bai taɓa rage wa namiji girma ba. Mu masu aikin albashi kuma, mu gaya wa shugabanninmu gaskiya tun da sassafe, ya fi a neme mu a rasa.

Kafin mu tashi, ina roƙon kowace ikkilisiya da ke da ajin yara ta zauna da mai renonta a wannan watan, a faɗi ciwon da ake zama da shi a gida da kwanakinsa, a karanta wa kowa ranar Lahadi da Hausa da kuma yaren gida. Kowace uwa ta bar sunan mutum na biyu da za a nema in ba a same ta ba. Waɗanda suka zo da katin rigakafin yara, ina nan bakin ƙofa bayan addu'a, mu duba tare.