Makaɗin Da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya: Rory Gallagher Da Jitarsa



Da aka nemi mu yi magana a daren nan a kan wani makaɗi, mun tabbata da yawa daga cikinku sun zaci ɗaya daga cikin namu na gida za mu ɗauko. To, ba haka abin yake ba. Mutumin da za mu yi magana a kansa Bature ne, ɗan ƙasar Ailan, sunansa Rory Gallagher, an haife shi a 1948, ya rasu a 1995. Mun zaɓe shi ne domin rayuwarsa tana ɗauke da wata tambaya da muke yawan jayayya a kanta a ɗakunan kwananmu, watau mene ne haƙƙin jama'a a kan mai fasaha, musamman ran da gari ya rikice.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu faɗi irin kiɗan da yake yi. Asalinsa shi ne kiɗan da ake kira buluz, wanda ya tsiro a tsakanin baƙar fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu. Kiɗa ne na koke, mutum ɗaya da jitarsa, yana faɗin abin da ya dame shi, jitar tana amsa masa kamar 'yan amshi. Ba baƙonmu ba ne ƙwarai. Wani masani mai suna Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 a kan Afirka da buluz, ya nuna cewa da yawa daga cikin siffofin kiɗan sun fi kama da na yankinmu na Sudan ta yamma, har ya kwatanta wani mai goge Bahaushe da ya ɗauki kiɗansa a Kamaru da wani makaɗin buluz na Misisifi. Daga baya samarin Ingila da Ailan suka ɗauki wannan kiɗa, suka haɗa shi da lantarki da ganguna masu ƙarfi, aka sami abin da ake ce wa buluz-rok. Gallagher yana cikin waɗannan samari.

An haife shi ran 2 ga Maris a garin Ballyshannon, amma a birnin Cork ya tashi. A rediyo ya fara jin buluz, a tashar sojan Amurka da ke Turai, wadda ake kamawa cikin dare. A 1963, yana da shekara 15, ya ga wata jitar lantarki samfurin Fender Stratocaster, ƙirar 1961, a kantin Crowley da ke Cork. Ba sabuwa ba ce, wani ya riga ya yi amfani da ita. Kuɗinta fam 100, wanda a wancan zamani kuɗi ne mai nauyi ga gida irin nasu, saboda haka kaɗan-kaɗan aka biya. Ku riƙe wannan jita a zuciyarku, don kuwa za mu sake gamuwa da ita.

Ya kuma shiga wata ƙungiyar makaɗan rawa mai suna Fontana. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun cika Ailan a lokacin. Sukan sa kwat iri ɗaya, su shiga mota su bi ƙauyuka, su kwana suna kaɗa waƙoƙin wasu don mutane su yi rawa. Idan azumin Kirista ya kama, watau kwana arba'in ɗin da ke gaban Ista, sai a rufe gidajen rawa, makaɗa su tsallaka Ingila neman abinci. Gallagher bai so irin kiɗan ba, amma a nan ya koyi sana'ar tafiya: yadda ake loda kaya, yadda ake barci a zaune, yadda ake karanta fuskar taron da ba a taɓa gani ba. Har Hamburg ta Jamus sai da ya je ya yi kiɗa a gidajen dare, awa bayan awa.

A 1966 ya kafa tasa ƙungiya ta mutum uku, Taste. Suka yi zama a Belfast, sa'an nan suka koma Landan. Cikin shekara huɗu suka kai inda ake zuwa: sun buɗe wa ƙungiyar Cream taronta na ban kwana a Royal Albert Hall a 1968, sun zaga Amurka a 1969, sun kuma yi kiɗa a babban taron tsibirin Wight a watan Agusta na 1970 gaban dubban ɗaruruwan mutane. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta watse saboda rigimar kuɗi da ta manaja. Abin ya yi masa ciwo matuƙa, har ya daɗe ba ya son kaɗa waƙoƙin Taste, alhali kuwa shi ya tsara su. Daga nan bai ƙara miƙa wuyansa ga baƙo ba. Ƙanensa Dónal ne ya zama mai kula da tafiye-tafiyensa, daga baya ya zama manajansa har mutuwa ta raba.

To, a nan ne ya ɗauki wata hanya da ta bambanta shi da tsararrakinsa. A kasuwar kiɗa ta wancan zamani, hanyar arziki sananniya ce. Kamfani ya zaɓi waƙarka ɗaya mai daɗin kamawa, a gajarta ta zuwa minti uku, a buga ta a ƙaramin faifai, gidajen rediyo su yi ta sa ta, ka shiga talabijin kana motsa baki kamar kana waƙa alhali faifai ne ke juyawa. Gallagher ya ce shi ba ya yi. Ya hana a fitar masa da irin wannan ƙaramin faifai a Ingila, duk da naci da kamfanonin suka yi. Abin da ya yarda da shi shi ne babban faifai, da kuma tsayawa gaban mutane. Yakan fito da rigarsa mai gidan dara da wandon jins, babu ado, ya yi awa biyu ko uku yana kiɗa, gumi na zuba. A tsakiyar wasa sai ya ajiye jitar lantarki ya ɗauki ta katako, ko mandolin, wani ɗan ƙaramin molo na Turawa, ya kaɗa tsofaffin waƙoƙin su Lead Belly da Blind Boy Fuller, yana ambatar masu su don yara su san inda aka samo. A 1972 masu karanta jaridar Melody Maker suka zaɓe shi gwanin jita na shekara, gaba da Eric Clapton. Muddy Waters, ɗaya daga cikin iyayen buluz, da ya zo Landan ɗaukar faifai a ƙarshen 1971, Gallagher yana cikin waɗanda aka kira su kaɗa masa. Brian May na ƙungiyar Queen ya sha faɗa cewa tun yana yaro ya tsaya bayan an tashi daga wasa ya tambayi Gallagher yadda yake samun irin wannan amo, shi kuwa ya nuna masa na'urorinsa bai ɓoye masa kome ba.

Yanzu mu zo ga Belfast, wadda ita ce zuciyar maganarmu. Daga 1969 Ailan ta Arewa ta faɗa cikin rikici tsakanin masu son ci gaba da zama ƙarƙashin Ingila, galibinsu Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, galibinsu Katolika. Kafin a yi sulhu a 1998 mutum fiye da 3,500 sun hallaka. Shekarar 1972 ita ce mafi muni, an kashe kusan 500. Gari ya rabu unguwa-unguwa, da magariba tsakiyar birni ta zama kufai, manyan makaɗa na Ingila da Amurka duk suka soke zuwa. Ba mu ga laifinsu ba, rai ba a sayen sa a kasuwa. Amma ranar 1 ga Janairu 1972, bayan an kwana bama-bamai na tashi a birnin, Gallagher ya hau dandalin Ulster Hall ya yi kiɗa. Shi ɗan kudu ne, daga gidan Katolika. Zauren ya cika da samari na ɓangarorin biyu, waɗanda a waje ba sa iya bin titi ɗaya. Ya kuma yi ta komawa kusan kowace shekara. Faifansa da ake kira Irish Tour '74, da fim ɗin da Tony Palmer ya ɗauka na wannan zagaye, an ɗauki wani sashensu a wannan zaure.

Kada wani ya ce ai makaɗi ba mai taɓa shi. Ran 31 ga Yuli 1975 'yan bindiga na ƙungiyar UVF suka tare motar makaɗan Miami Showband a wani shingen ƙarya, suna komawa Dublin bayan wasa, suka kashe uku daga cikinsu. Irin ƙungiyar da Gallagher ya fara aiki a cikinta ke nan, irin motar, irin hanyar. Bayan wannan ma bai daina zuwa Belfast ba.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu na ɓangaren gwagwarmaya za su ce, don mun sha ji. Za su ce, to me ya faɗa? Ina waƙarsa a kan sojan Ingila, ko a kan waɗanda aka tsare ba shari'a? Gaskiya ne, bai yi ba. Waƙoƙinsa a kan tafiya suke, da kaɗaicin ɗakin otel, da 'yan wasan kasuwa masu yawo gari-gari, da 'yan caca da 'yan sandan ciki, domin shi mayen karatun littattafan Dashiell Hammett da Raymond Chandler ne. Har ɗan leƙen asirin nan Kim Philby sai da ya yi wa waƙa a 1979, yana kwatanta rayuwar mai ɓuya a baƙon gari da tasa. Wannan suka tana da nauyi, ba za mu share ta ba. Amma ra'ayinmu shi ne, da ya hau dandalin nan ya ɗauki ɓangare, da rabin zauren bai sake zuwa ba, da kuwa an rasa ɗaya daga cikin 'yan wurare ƙalilan da yaran Falls da na Shankill ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Akwai masu yin waƙar zaman lafiya daga Landan da New York, sun sami kuɗi da yabo. Shi ƙafarsa ya kai. Wanda ya taɓa zama a garin da aka sa wa dokar hana fita ya san bambancin mai aiko gaisuwa da mai zuwa da kansa.

Sauran labarin duk wannan hali ne ke maimaita kansa. A Janairu 1975, bayan Mick Taylor ya bar Rolling Stones, suka gayyace shi Rotterdam ya yi 'yan kwanaki yana kiɗa da su. Yana da alkawarin wasa a Japan, ba a kuwa yanke masa magana ba, sai ya ɗauki jitarsa ya tafi cika alkawari. A ƙarshen 1977 ya kashe kuɗi mai yawa ya ɗauki faifai a San Francisco, da aka gama ya saurara ya ji an yi masa kwalliya fiye da kima, sai ya yi watsi da shi ɗungum, ya sake wani a Jamus da mutum uku kacal. Sai a 2011 aka fitar da wancan. Wannan kam muna ganin har da taurin kai, domin da aka ji faifan ba a sami wani abin kunya a ciki ba. Kowa ya ƙona rumbunsa, an ce, ya san inda toka ke kuɗi, amma ba kullum ne Gallagher ya sani ba.

Ba kuma za mu ɓoye muku abin da hanyar ta ci masa ba. Bai yi aure ba, bai haihu ba. Gerry McAvoy, wanda ya yi shekara 20 yana kaɗa masa jitar ƙasa, ya nuna a littafinsa cewa duk da wannan daɗewa bai gama sanin mutumin ba. Mai fara'a a kan dandali, mai kunya da kaɗaici idan an sauka. Daga baya tsoron jirgin sama ya kama shi, ku duba fa, mutumin da abincinsa ke cikin tafiya. Aka rubuta masa magunguna iri-iri, na tsoro da na ciwo, shi kuma yana haɗa su da giya, hantarsa ta lalace. A shekarun 1980 kasuwa ta juya ga wasu irin kaɗe-kaɗe, faifansa suka ragu, jikinsa ya kumbura, amma bai sauka daga mota ba. Wasansa na ƙarshe a ƙasar Holan ya yi shi, a Janairu 1995, yana cikin ciwo. A watan Maris aka yi masa dashen hanta a Landan. Ya yi mako 13 a ɗakin masu tsananin ciwo, har an fara sa rai, sai wata cuta ta shige shi, ya rasu ran 14 ga Yuni yana da shekara 47. Mutanen Cork suka cika tituna ran jana'izarsa.

Jitar nan ta fam 100 ita ce a hannunsa tun daga Fontana har Holan. An taɓa sace ta a Dublin, aka tsince ta bayan 'yan kwanaki an yar a waje cikin ruwan sama. Fentinta ya kankare kusan duka, sai katako tsirara, ƙanensa ya ce gumin mai ita ne ya cinye shi. A watan Oktoba 2024 aka yi gwanjonta a Landan, aka buga ƙararrawa a kan fam 700,000, waɗanda suka saya kuma suka ba da ita kyauta ga gidan tarihi na ƙasar Ailan. A Janairu 2025 birnin Belfast ya kafa mutum-mutuminsa a gefen Ulster Hall.

Shugaban taro, mun zo da faifan Irish Tour '74. Idan ka yarda, kafin a buɗe fagen tambayoyi, muna roƙon a sa gefen farko, a kuma ɗan ƙara murya don na baya su ji ihun jama'ar da ke cikin zauren.