Ɗakin kwananmu da ciwon asma: jawabin da malamin lakkol ya yi ga taron ƙungiya

Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa ciwon asma, wanda wasu ke kira fuka, da yadda za mu gyara ɗakunanmu saboda masu shi. Ni ba likita ba ne, malamin lakkol ne. Amma kowace shekara, da sanyi ya kama, muna ganin ɗiyanmu suna fashin aji, in an tambaya a ce yaro ya kwana zaune, ƙirji na kuka.

Mu fara da sanin ciwon. Asma daban take da tarin fuka, kuma ba a ɗaukar ta wurin wani. Hanyoyin iska ne cikin huhu ke kumbura su tsuke, sai numfashi shi yi wuya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da asma a duniya, kuma ta kashe 455,000. Abubuwan da suka fi tada ta duk muna da su nan Madarumfa: hayaƙi, ƙura, iska mai sanyi da danshi.

Na farko, lokacin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na busowa daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙurar hamada, wadda mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Mu da ke bakin tabki da gulbi mun san sanyin asuba. Al'adarmu mu shigo da kaskon wuta, mu toshe ƙofa da taga, mu kwanta. Jama'a, wanga abu haɗari ne. Hayaƙin itace shina tada asma nan take. Gawayi kuwa shina fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri da amai, kuma tana kashe mutum cikin barci, ko da ba shi da asma.

To, mi za mu yi? A hura wuta waje, a ji ɗumi waje. In dare ya yi, a gasa dutse ko tubali, a naɗe shi cikin tsumma, a sa wajen ƙafafu. Kwalbar ruwan ɗumi ma ta isa. A ƙara bargo, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa. Tagar gabas a rufe ta da zane mai kauri, amma a bar ƙaramar kafa sama wajen yamma don ɗaki shi sha iska. Yaro mai asma in zai tafi lakkol da safe, a rufe mashi hanci da baki da ƙyalle, don iskar ta ɗan yi ɗumi kafin ta kai ƙirji.

Na biyu, girki. Iyaye mata, ku gafarce ni, wanga naku ne, amma aikin gyaran na maigida ne. Madafa ta yi nesa da ɗakin kwana, ta samu mafitar hayaƙi. Itace shi zama busasshe. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmi. Tun shekarun 1980 aka kawo ma ƙasarmu murhun laka Albarka da na ƙarfe Mai Sauƙi. Suna rage cin itace, dajin Baban Rafi ma shi huta. Kuma kada a goya yaro mai asma a tsaya bisa murhu.

Na uku, bazara. Cikin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ɗakin kwano shina gasa mutum da rana, shi yi sanyi ƙarara da dare. Soron laka na kakanninmu ya fi shi, don bango mai kauri shina jinkirta zafi. Har ma akwai ginin laka ba da azara ba, wanda aka fara koyarwa a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980. Wanda ya riga ya yi kwano, shi sa rufin tabarma ko kwali ƙarƙashinsa, shi riƙa kakkaɓe ƙurar lokaci lokaci. Taga biyu masu kallon juna sun fi taga guda babba. A dasa bedi yamma da ɗaki don inuwa. Zane mai lema bisa taga shina sanyaya iska in ta bushe. Mai fanka shi goge fikafikanta, in ba haka ba ƙura kawai take watsa ma mara lafiya.

Na huɗu, damina. Danshi shina kawo funfuna ga bango da katifa. A toshe yoyo, a shanya shimfiɗa rana. Maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta ba su dace da ɗakin mai asma ba. Gidan sauro ya fi. Kullum a yayyafa ruwa kafin shara, mai ciwon kuwa shi fita sai ƙura ta kwanta. Mai shan taba shi sha can waje.

Na biyar, gyaran ɗaki ba shi maye gurbin magani. Maganin shaƙa, irin su Ventoline, shina buɗe ƙirji cikin mintoci kaɗan. Likitocin birnin Kaf na Afirka ta Kudu sun nuna a 1999 cewa gorar roba mai rabin lita, in an huda gindinta an sa bakin maganin, tana taimaka ma yaro shi shaƙa da kyau. Ku roƙi ma'aikacin lafiya shi gwada maku. In kuka ga yaro ya kasa ƙare magana, haƙarƙari na shiga ciki, leɓe ya sake launi, kada a jira safiya. A kai shi likitar Madarumfa ko wadda ta fi kusa.

Ina roƙon ƙungiya abu guda. Kafin sanyi shi kama, samari su zagaya gidajen masu asma, su huda kafar iska, su taya mata gina murhu. Laka da hannu muke bukata, kuma muna da su.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.