Daga Koke Zuwa Kasuwa: Yadda Mai Neman Sana'a Zai Saurari Labaran Garinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.



An nemi in yi magana a kan matasa da sana'a. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan tambaya ɗaya wadda kusan duk wanda ya gama makaranta ko bautar ƙasa yake yi: "Wace sana'a zan kama?" Abin da zan kare a gabanku shi ne, mutanen garinka suna ba ka amsar wannan tambaya safe da dare, a rediyo da jarida, ba tare da ka biya ko kwabo ba. Sai dai sauraron yana da ƙa'ida, kuma ba kowane koke ne yake zama kasuwa ba.

Abin da muke ji kullum

Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a biranen Arewa, talaka ya samu inda zai kai kukansa. Duk mai bin shiri irin Inda Ranka, ko mai karanta Aminiya, ya san jerin: ruwan famfo ya ɗauke a unguwa kaza, taransifoma ta ƙone, bola ta cinye rabin titi, magudanar ruwa ta toshe, tumatir ya ruɓe a Kwanar Gafan, gobara ta tashi a kasuwa. Yawancinmu mukan ce "Allah ya kyauta", mu zagi hukuma, mu kashe rediyo. Neman hukuma ta yi aikinta haƙƙinmu ne, ba na hana kowa. Amma manyan kamfanoni kuɗi suke biya a bi gida-gida a tambayi mutane abin da suka rasa. Ɗan rahoto ya riga ya yi wa matashi wannan aiki: ya faɗi sunan unguwar, ya faɗi lokacin, ya sa masu matsalar sun yi magana da bakinsu, wani lokaci har sun faɗi nawa suke kashewa.

Labarin tumatir

Bari in daɗe a kan tumatir, domin babu labarin da yake dawowa duk shekara kamarsa. Da rani, idan kayan Kadawa da Kura da Garun Malam suka nuna a lokaci guda, kwando yakan faɗi warwas, a ga ana shanya tumatir a bakin titi ko a zubar. Damina na kankama kuma sai ya yi tsadar da uwargida za ta koma wa na gwangwani da na leda. Mutane huɗu sun dubi wannan matsala, kowa ta fuskarsa.

Na farko namu ne, marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya lura cewa manomin ƙauye dole ya sayar da kayan lambunsa a ranar da ya tsinke su, ko a wane farashi, saboda babu lantarki balle firji. Sai ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin yake tsanewa ta jikin babbar tukunya, sai ya ja zafi ya fita da shi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta dala 75,000. Jarinsa na farko yumɓu ne da yashi da magina na ƙauye.

Na biyu Nnaemeka Ikegwuonu ne daga Jihar Imo, kuma shi ne ya fi dacewa da laccar yau, domin ɗan rediyo ne. Ya kafa tashar da take yi wa ƙananan manoma shirye-shirye, ya yi shekaru yana jin kukansu kan kayan da suke ruɓewa kafin a sayar. A 2015 ya kafa ColdHubs: ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni da gonaki. Bai ce manomi ya sayi ɗakin ba, don ya san ba shi da kuɗin. Haya ya sa, naira 100 kan kowane kwandon roba a rana lokacin da suka fara, kayan da kan yi kwana 2 su kai kwana 21. Dabarar ba a ɗakin kaɗai take ba, tana cikin farashin da ya yi daidai da aljihun mai kayan gwari.

Na uku kamfanin Ɗangote ne, wanda ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana. A wannan shekarar ce ƙwaron nan Tuta absoluta, wanda manomanmu suke kira Sharon, ya cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar ta tsaya saboda rashin kaya, kuma ko bayan an sake buɗe ta, samun isasshen tumatir ya ci gaba da zama matsala, domin idan farashi ya tashi a kasuwa manomi can zai kai kayansa.

Ta huɗu Mira Mehta ce, Ba'amurkiya, wadda ta ga tumatir shanye a gefen hanyoyin Arewa ta kafa Tomato Jos a 2014. Ba ta fara da inji ba. Sai da ta yi shekaru tana noma tana koyar da ƙananan manoma, sannan ta gina masana'anta a Kangimi, Jihar Kaduna.

Darasin a bayyane yake. Labari guda yana iya ɗauke da sana'a goma: ajiya, sufuri, hayar kwandon roba a madadin kwandon kaba da yake matse kaya a hanyar Legas, busarwa mai tsafta, maganin feshi na gaskiya, irin da yake jure damina. Kuma girman jari ba ya maye gurbin sanin inda matsalar ta faro.

Tambayoyi huɗu kafin a zuba jari

Idan ka ji koke a rediyo ya ja hankalinka, kada ka yi gaggawar sayar da filin gado. Ka auna shi da tambayoyi huɗu.

Ta farko: yana dawowa? Matsalar da ta faru sau ɗaya labari ce kawai. Wadda take dawowa duk rani ko duk damina ita ce za ta ciyar da sana'a. Ƙwarin wake misali ne. Duk shekara ana jin gargaɗi kan masu zuba maganin ƙwari a wake don ajiya, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda ragowar guba. Ga kuma buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, kamfanin Lela Agro yake yin sa a Kano: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tam, iska ta ƙare ƙwaro ya mutu, babu magani ko ɗigo. Matashin da ya zama dillalinsa a kasuwannin ƙauye, yana nuna wa manoma yadda ake ɗaurewa, ba sai ya ƙirƙiri komai ba.

Ta biyu, kuma ita ce mafi muhimmanci: wa yake biyan kuɗi a kan wannan matsala yanzu, kuma nawa? Mutum yana iya yin kuka da abu amma ba zai cire sisi ya magance shi ba. Inda ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, kuɗin ruwa yana fita daga kowane gida kullum, aikinka ka ƙidaya jarka nawa, a nawa. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka ƙone. 'Yan kasuwar dama suna kashe kuɗi a kan man janareta kullum, ga hayaƙi ga haɗarin wuta. Da aka kawo musu lantarkin sola a 2018, ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara tare da 'yan kasuwa masu zaman kansu, ba sabon kashe kuɗi aka ɗora musu ba, kuɗin mai ne ya canza hanya.

Ta uku: ɗan kasuwa zai iya taɓa wannan, ko aikin hukuma ne tsantsa? Ba za ka gina madatsar ruwa ba, ba za ka kawo tsaro a daji ba. Amma duk matakin da hukuma ta ɗauka yana buɗe ƙofofi a gefensa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a birnin. A rediyo kukan masu babur da na fasinja aka yi ta ji. Masu lura suka ga cewa mutane ba za su daina fita ba: A Daidaita Sahu ta cika gari, masu sayen ta su bayar ana kawo musu balas, makanikai, masu kayan gyara da masu ɗinkin rumfa duk suka samu abinci. Haka bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu, 2023, aka ga masu juya janareta da injin ban ruwa su koma aiki da gas, da masu haɗa famfon sola ga manoman rani. A Maiduguri, Mustapha Gajibo tun kafin nan ya fara juya ƙananan motocin haya zuwa masu aiki da batir da hasken rana.

Ta huɗu: me ya hana wasu yi? Idan matsala ta shekara ashirin babu wanda ya taɓa ta, akwai dalili. Wataƙila ana buƙatar izinin NAFDAC, wataƙila akwai ƙungiyar da take riƙe da harkar, wataƙila masu saye bashi suke ci ba sa biya. Wannan amsa ba ta cikin rediyo. Sai ka taka da ƙafarka zuwa unguwar da aka ambata, ka zauna da mai unguwa, da mai shago, da matan gida, da wanda ya taɓa gwadawa ya faɗi. Gani ya kori ji. Sannan ka fara da kaɗan, da kuɗin adashi ko gudummawar dangi, a layi ɗaya ko rumfa ɗaya, kafin ka je CAC rajista ko ka nemi tallafin SMEDAN ko na Gidauniyar Tony Elumelu, wadda take ba da jarin dala 5,000 tun 2015. Masu bayar da tallafi sun fi sauraron wanda ya zo da littafin ciniki a hannu a kan wanda ya zo da buri.

Iyakar da ba a tsallakewa

Akwai bambanci tsakanin wanda ya ci riba don ya rage wa mutane wahala da wanda ya ci riba don wahalar ta daɗe. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, masu POS da yawa sun taimaki jama'a, wasu kuma suka koma sayar da naira da naira, suna yankar kaso mai tsoka daga kuɗin mai jinya da mai cefane. A watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Addini ya hana ɓoye abinci don a tsawwala wa jama'a, kuma ko ta fuskar kasuwa wauta ce, domin ranar da wahalar ta wuce, mutane ba sa manta wanda ya matse su. Ma'aunin mai sauƙi ne: bayan mutum ya biya ka, kuɗin da yake kashewa a kan matsalar ya ragu ko ya ƙaru? Idan kuma abin bala'i ne, kamar ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumbar 2024, to ranar ta agaji ce. Ciniki sai an zo sake gini.

Kira

Ga 'yan jarida: idan kun je ɗauko koke, ku ƙara tambaya biyu, gida nawa abin ya shafa, kuma nawa suke kashewa. Ku koma bayan wata uku ku gaya mana ko an gyara. Ku kuma ba masu warware matsala fili kamar yadda kuke ba 'yan siyasa.

Ga iyayenmu masu hali: a wannan ƙasa an san maigida yana yaye yaronsa da jari. Ku faɗaɗa wannan al'ada ta haɗa da yaron da ya zo muku da matsalar unguwa da lissafinta a rubuce, ko da ba a shagonku ya tashi ba.

Ga malamai masu koyar da darasin sana'a a manyan makarantu: ku sa ɗalibai su kawo rahotannin garinsu aji, a auna su da waɗannan tambayoyi, maimakon haddar ma'anoni don jarrabawa.

Ga matasa, maza da mata: ku sayi littafi na rubutu. Daga daren yau har wata guda, duk koken da kuka ji a labaran gari ku rubuta shi, da sunan wurin da ranar. A ƙarshen wata ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka maimaitu, ku zaɓi ɗaya da yake kusa da ku kuma yake daidai da abin da hannunku ya iya, ku je ku tambayi masu shi nawa yake cin musu. Kada ku jira sai gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki.

Allah ya sa albarka a neman kowa.