Hattara Wajen Sayen Injin Yanka da Na Manna Leda

Duk wanda ya ƙudura niyyar sayen injin yanka takarda domin ayyukan gida, wajibi ne a kansa, tun kafin ƙyalƙyalin kwali ya ɗauke masa hankali, ya binciki manhajar da ke sarrafa shi, domin injin Cricut ya fi dogara ga intanet, alhali kuwa injin Silhouette yakan yi hidimarsa ko da babu. Amma injin manna leda, a nawa ra'ayin, shi ya fi cancantar taka-tsantsan, saboda wanda aka ƙera domin Amurka lantarki mai ƙarfin bolt 120 ya sani, namu kuwa 230 ne, wanda ke iya ƙone shi nan take. Haka nan rasiɗin na'urar POS, muddin ya ratsa zafin injin manna leda, baƙi ƙirin zai fito.